Makoɗi, yashi da jan ƙarfe: yadda mutanen Masar na da suka riƙa yanka dutse

A garin Aswan can kudancin ƙasar Masar akwai wani dutse da yake kwance a inda aka bar shi yau sama da shekara 3,000, an gyara samansa an haƙe gefunansa amma ƙasansa har yanzu a manne yake da uwar dutsen, ba a raba su ba. Irin dogon ginshiƙin nan ne mai kusurwa huɗu da tsini a kai wanda fir'aunoni suke kafawa a ƙofar gidajen bautarsu, Turawa na ce masa obelis. Tsawonsa ya kusa mita 42, nauyinsa kuma da an gama shi zai haura tan 1,000, kaga kenan da ya tashi tsaye da babu kamarsa a duniya, don mafi tsawo da yake tsaye yanzu, wanda aka ɗauke aka kai birnin Rum, mita 32 ne da ɗan wani abu. Ana cikin aiki ya tsage, suka sake zana layi a kansa suna neman ko za'a iya fitar da ƙarami daga ciki, hakan ma bai yiwu ba, suka watsar dashi suka tafi.

Ni a wurina wannan tsagaggen dutsen yafi duk gumakan da suke sheƙi a gidan tarihi amfani, sabida aikin da aka gama aka goge ya riga ya share sawun wanda ya yi shi, ka duba ka duba ba zaka ga ta inda aka bi ba, shi yasa ma mutane suke ta faɗin abin da suka ga dama a kai. Amma wanda aka bari rabi da rabi komai nasa a fili yake.

In ka samu hoton wurin mai kyau ka zuƙo shi ka kalli ramin da aka haƙa a gefen dutsen. Faɗinsa bai wuce santimita 75 ba, wato daidai mutum ɗaya ya tsuguna a ciki kafaɗunsa na gogar bango. Ƙasan ramin ba a shafe yake ba, loko-loko ne a jere, kowane loko ya ɗan zurma a tsakiya gefensa ya taso, haka bangon ma duk shatar lokon ce ta sauko tun daga sama har ƙasa. Babu shatar zarto babu ta kurfi. Akwai kuma jan layi da aka zizzana da jar ƙasa a jikin bangon, wasu sun raba wa kowa wurin zamansa, wasu kuma masu duba aiki ne suke sa alama don a san iya zurfin da aka ci. Abin da ya yi wannan lokon yana nan zube a wurin birjik, wasu dunƙulallun baƙaƙen duwatsu ne masu nauyin kilo 5 ko fiye, ana ce musu dolarayit, sun fi giranit ɗin Aswan, wato irin dutsen da ake yanka ginshiƙin a jikinsa, tauri da jure duka.

Duk wanda ya taɓa ganin ana koɗa dutsen niƙa ya riga ya san aikin, makoɗi ne, sai dai wannan babba ne da hannu biyu ake ɗaga shi. Ka ɗaga ka sake shi a kan dutsen, ya dako ka cafe ka sake saki, duk saukowa ɗaya ya ɗan murƙushe fuskar dutsen ta zama gari, in garin ya taru ka share don in ka bar shi zai zama matashi ya riƙa shanye dukan. Kuma masu bincike sun lura da wani abu, makoɗan ba a mulmule ake kawo su ba, da kaifinsu da kusurwarsu suke zuwa, duka ne yake cinye su har su zama ƙwallo, in sun mulmule sun rage ci sai a yar a ɗauki sabo. Wani Bature mai suna Reginald Engelbach shi ya kwashe ƙasar da ta rufe ginshiƙin wajen 1922, ya ɗauki makoɗin da hannunsa ya gwada ya ga lallai yana ci, a hankali dai. Toh ka ƙiyasta mutum sama da ɗari a jere a cikin ramin nan, a zafin Aswan, ƙura na shiga hanci da ido, sautin dukan na tashi tun safe.

Kuma suna da saurinsu fa. Sarauniya Hatshepsut ta sa an rubuta a gindin ginshiƙinta da yake tsaye har yau a gidan bauta na Karnak, mai tsawon kusan mita 30, cewa wata bakwai aka yi ana aikinsa shi da ɗan uwansa a wajen fasa dutsen. Sun kuma yi amfani da wuta, tonon da aka yi a wurin a shekarun baya-bayan nan ya fito da gawayi da toka da ƙonannen tubali, wato ana hura wuta a kan fuskar dutsen ya yi zafi ya ɓaɓɓare ya yi rauni sannan makoɗi ya bi ta kai, musamman wajen kawar da ruɓaɓɓen dutsen sama kafin a iso mai kyau.

Akwai wani labari da ya yaɗu sosai wai suna huda ramuka ne a jere su cusa busasshen itace su zuba ruwa, itacen ya kumbura ya fasa dutsen. Labarin yana da daɗin ji, kuma gaskiya akwai jerin ramukan a duwatsun Aswan, sai dai waɗancan ramukan na baya ne sosai, zamanin da Girkawa da Rumawa suke mulkin Masar, lokacin baƙin ƙarfe ya wadata, ƙarfe ake kafawa a ciki ana duka da guduma har dutsen ya rabe. Magina dala sun riga wannan zamanin da shekara sama da 2,000.

Wannan maganar baƙin ƙarfen ita ce gindin komai. Lokacin da aka gina babbar dalar fir'auna Khufu a Giza wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, ba su da shi a matsayin kayan aiki sam. Ko shekara 1,200 bayan nan baƙin ƙarfe abin ado ne na sarakuna, wuƙar da aka samu a jikin gawar Tutankhamun da ƙarfen da ya faɗo daga sama aka ƙera ta. Abin da yake hannun ma'aikaci jan ƙarfe ne, galibi da ɗan sinadarin asenik a cikinsa wanda ke ƙara masa tauri, daga baya tagulla ta yawaita. Akwai wani sikeli da ake auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, jan ƙarfe yana wajen 3, dutsen farar ƙasa shima wajen 3, shi kuwa giranit yana tsakanin 6 da 7. In ka kafa kurfin jan ƙarfe a kan giranit ka doka, bakin kurfin ne zai lanƙwashe dutsen ko gezau. Masu cewa ai jan ƙarfe baya yanka giranit gaskiyarsu ne, su ma mutanen Masar ɗin sun san haka tun kafin kowa, shi yasa suka raba duwatsu gida biyu, kowanne da kayan aikinsa.

Mai taushi, wato dutsen farar ƙasa da dutsen yashi da alabasta, shi kurfi da gizago suke ci. Kuma kar a manta mafi yawan dala da shi aka yi ta, tubalan dutse wajen miliyan 2.3 da ake faɗa suna cikin dalar Khufu kusan duka farar ƙasa ne da aka yanko a nan gefen dalar, giranit ɗin ɗan kaɗan ne a ɗakin sarki da wasu wurare. Yadda suke yi, sai su haƙa siririn rami kewaye da tubalin da suke so ta kowane gefe, su bi ta ƙasa su ɓamɓaro shi da manyan itatuwa. A gefen arewa na dalar fir'auna Khafre har yau zaka ga filin da aka bari da kututturan duwatsu layi-layi da ramukan a tsakaninsu. A Tura kuma, tsallaken kogin Nilu inda ake samo farin dutse mai kyau na lulluɓe dala, cikin dutsen suka riƙa kutsawa suna bin jijiyar mai kyau, mutum ya fara daga can kusa da rufi ya haƙa wa kansa ɗan wurin tsugunno sannan ya riƙa yankowa yana sauka.

Gudumarsu ta itace ce, guntun icce ɗaya mai kai da mariƙi, an samu da yawa, in ka ga hotonsu zaka ga tsakiyar kan ya cinye ya yi ƙugu zagaye, sabida mai aikin yana juya ta a hannu yana duka har ta ƙare ta kowane gefe. Kurfin kuwa baya daɗewa yake dakushewa, dole akwai maƙera a kusa suna gyara baki ba dare ba rana. Jan ƙarfen kansa dukiya ce, daga Sina'i da hamadar gabas ake haƙo shi a narka a kawo, don haka ba'a sakaci dashi. A ƙauyen Deir el-Medina inda masu haƙa kaburburan sarakuna suka zauna, kurfi na hukuma ne, magatakarda ya auna nauyinsa ya baka, in ya dakushe ka dawo dashi a sake aunawa kafin a kai wa maƙeri, an samu duwatsun awon ma da rubutu a jikinsu.

Toh mai taurin fa, in ana son yanka miƙaƙƙe ko rami zagaye wanda makoɗi ba zai iya ba? Nan ne wurin da yafi burge ni a duk lamarin. Zartonsu na dutse bashi da haƙori. Doguwar fallen jan ƙarfe ce kawai, mutum biyu su riƙe ɗaya nan ɗaya can, a ɗaura mata duwatsu don ta danna, sai a riƙa zuba yashi a ƙarƙashinta. Ƙwayar yashi ƙanƙarar dutse ce, taurinta 7 ne a sikelin nan, tana iya ƙarzar giranit. Shi jan ƙarfen taushinsa ne amfaninsa, ƙwayoyin yashin suna ɗan nutsewa a bakinsa ya ja su gaba ya dawo dasu baya suna gurzar dutsen, in sun niƙe sun zama gari a ƙara sabo. Yashi ne yake yankan, ƙarfen jan sa kawai yake, kuma shima yana cinyewa sosai a hanya. Abin da yake zube ko'ina a ƙasar kyauta, shi suka mayar haƙorin zarto.

Huda ma haka. A nannaɗe jan ƙarfe ya zama bututu, a sa masa sandar itace, a naɗa igiyar baka a jikin sandar, a ɗora wani dutse mai loko a kai a danna, ana jan bakan gaba da baya bututun na juyawa yashi na ci a ƙarƙashi. Zobe kawai yake yankawa, tsakiyar ta rage a tsaye, in an kai zurfin da ake so a ɓalle ta a fitar. Kaga dabara, maimakon ka niƙe dutsen cikin ramin gaba ɗaya ka niƙe gefen kawai. In akwatin gawa ake son rarakewa sai a jera irin ramukan nan kusa da kusa a ɓaɓɓalle abin da ya rage a gyara bangon. An samu irin waɗannan ɓallallun tsakiyar da yawa, wani Bature mai binciken kayan tarihi Flinders Petrie ya tsinci wasu a Giza lokacin da yake awon dala tsakanin 1880 da 1882, akwai ɗaya a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Landan wadda har yau ake ta gardama a kanta a intanet sabida layukan da suka zagaye jikinta. Shi Petrie a lokacinsa ya ɗauka duwatsu masu daraja aka kakkafa a bakin bututun, amma ba'a taɓa samun irin wannan bututun ba, abin da aka samu shine ragowar garin yashi a ƙasan wasu ramukan wanda ya yi kore sabida tsatsar jan ƙarfe.

Wanda ya fi kowa wahala a kan wannan tambayar wani mutumin Ingila ne Denys Stocks, asalinsa aikin injiniya ya koya, ya shafe shekaru yana ƙera irin kayan da hannunsa yana gwadawa. Ya je Aswan ya ɗauki ma'aikata, mutum uku a kan bututu mai faɗin santimita 8, biyu na jan baka ɗaya na danna kai, suka yi wajen awa 20 suka ci zurfin santimita 6 a giranit, suka ɓalle tsakiyar ta fito da layuka a jikinta. Awa 20 fa a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba. Wani zai ji haka yace ai wannan ba hanya bace, ni kuma abin da na gani a ciki shine hanyar tana aiki, saura lokaci da yawan hannu da abincin da za'a ciyar da hannun, kuma waɗannan ukun fir'auna yana dasu.

Ka kuma duba akwatin gawar Khufu ɗin kansa da yake cikin dala. Petrie ya lura a gefe ɗaya zarton ya kauce ya ci ciki fiye da kima, suka ja baya suka sake kama layi, ya sake kaucewa suka sake gyarawa, shatar tana nan. Wallahi wannan shatar tana taɓa min zuciya, don akwatin sarki ne guda, an ɗauko dutsen daga Aswan tafiyar kilomita 800 a kan ruwa, sai ga yankan ya karkace bayan kwanaki ana ja, ka ƙiyasta hankalin shugaban masu aikin a ranar.

Kuma wannan sanin ba rana ɗaya ya faɗo musu ba. Tun kafin a yi fir'auna na farko suke rarake tukwane da kwanuka na dutse, a ƙarƙashin dalar Djoser mai hawa-hawa da ke Saƙƙara kaɗai an samu wajen 40,000, da yawansu ma na sarakunan da suka riga shi ne. Abin rarake su wata sanda ce mai lanƙwasasshen mariƙi a sama, an rataya mata duwatsu biyu don nauyi, ƙasanta a rabe biyu ana maƙala mata ɗan dutsen gurza, a murɗa dama a murɗa hagu, in ana son cikin tulun ya fi bakinsa faɗi sai a riƙa canza dutsen gurzar ana sa wanda ya fi tsawo. Hoton masu wannan aikin yana nan a bangon kaburbura. Ɗaruruwan shekaru uba na koya wa ɗa a kan ƙananan tukwane kafin wani ya yi tunanin akwatin giranit.

Rubutun da ake gani a jikin giranit mai kaifin baki tsaf, shima dutse ne ya yi shi. Ƙanƙarar dutse irin wadda ake fasawa ta yi baki, ita ake kafawa ana ɗan ƙwanƙwasawa tana tsinke dutsen ƙwaya-ƙwaya, bakinta na karyewa ana sake fasa sabo, sannan a kankare a goge. Stocks ya gwada wannan ma ya fitar da haruffa. Gogewar ƙarshe kuma da dutsen gurza ake farawa da yashi mai gautsi, a koma mai laushi, a ƙare da lallausan garin da ya fito daga wajen zarto da huda, har fuskar ta yi santsi. Gunkin Khafre da ke gidan tarihin Alƙahira, wanda shaho ya rungume masa ƙeya da fikafikai, daga wani wuri can cikin hamada kilomita 65 daga Abu Simbel aka ɗauko dutsensa, kuma da irin wannan gurzar aka kai shi yadda yake.

Sai maganar daidaito, don nan ne mutane suka fi cewa sai da inji. Kayan awonsu an same su, a kabarin wani ma'aikaci Sennedjem an samu sukwaya ta katako da igiya mai ɗan nauyi a ƙasa irin wadda magina ke duba miƙewar bango da ita, da wani katako mai ƙafa biyu da igiya a tsakiya na duba lebur. Ma'auninsu kamu ne, kamun sarki santimita 52 da ɗan kai, an raba shi tafi 7, kowane tafi yatsa 4. Amma wanda nafi so shine na gane ko fuskar dutse ta kwanta. Ƴan sanduna uku masu tsawo ɗaya cif, a kafa biyu a gefe da gefe a ja zare a kan kawunansu ya miƙe, a ɗauki ta ukun a riƙa bin ƙarƙashin zaren da ita, duk inda kanta ya ture zaren sama toh wurin ya yi tudu, a sa masa jan alama a rage shi a sake bi. A kabarin Rekhmire, wazirin Thutmose na 3 a yammacin Luksor, an zana mutane suna yin wannan aikin a kan tubali, gefe kuma ga wasu a kan dakalin itace sun kewaye ƙaton gunki suna gurza. Sanda uku da zare, amma in ka maimaita ta kowace fuska kana ragewa kana dubawa, sai ka kai inda ido baya ganin tudu. Petrie ya auna mahaɗar fararen duwatsun da suka rage a gindin babbar dala ya samu ratar wajen rabin milimita, kuma da siririn kwaɓin jifsam, wani farin gari mai kama kamar siminti, a ciki wanda yake taimakawa tubalin ya zame ya zauna. Gindin dalar kuwa, kowane gefe mita 230, bambancin tudu da kwari a kewayensa wajen santimita 2 ne.

Wani sirrin kuma basa gyara fuskar waje sai an ɗora dutsen. Gefen da zai haɗu da ɗan uwansa da ƙasansa kawai ake gyarawa, wajen a bar shi da ƙullutunsa don ya kare shi daga gugar hanya kuma a samu wurin sa itacen ɗagawa. Je ka duba gindin dalar Menkaure, giranit ɗin da aka lulluɓe ta dashi mafi yawansa a kumbure yake ba'a gyara ba, sai wajen ƙofa aka shafe wani yanki, sarkin ya rasu aikin ya tsaya a nan.

Shi yasa raina yake ɓaci in naga bidiyon nan da ake yawo dasu wai aljanu ne suka yi, ko wasu halittu daga sama, ko wai Samudawa ne masu ɗaukar dutse da hannu ɗaya. Samudawan da Alƙur'ani ya bada labarinsu wurinsu daban ne a yankin Larabawa. Nan kuwa ramin aikin santimita 75 ne, hanyar shiga cikin dala ma sai ka duƙa, wane ƙato ne zai shiga ciki ya yi aiki? Mutane ne irina irinka, ƴan Afirka, suka zauna suka lura da wane dutse ne yake cin wane, kuma in aka ɗauki aikinsu aka ba wata halitta an zalunce su.

Ɗaukar dutsen ma sun zana mana. A kabarin wani hakimi Djehutihotep a Deir el-Bersha, wajen 1900 kafin haihuwar Annabi Isa, ga ƙaton gunki an ɗaure shi a kan katakon ja marar taya, mutum 172 a layi huɗu suna jan igiya, wani ya tsaya a gaba yana tsiyaya ruwa a ƙasa. A 2014 masana a jami'ar Amsterdam suka gwada suka ga in yashi ya jiƙa daidai misali ƙarfin da ake buƙata wajen ja yana raguwa da kusan rabi. A 2013 kuma aka tono takardun wani shugaban ma'aikata Merer a Wadi al-Jarf bakin Bahar Maliya, yana rubuta aikin kowace rana, shi da mutanensa wajen 40 suna loda farin dutse a Tura su kai Giza a jirgin ruwa su dawo, a ƙarshen mulkin Khufu, har ya ambaci ɗan uwan sarki Ankhhaf a matsayin mai kula da aikin.

Su kansu ma'aikatan an same su. A 1990 aka gano maƙabartarsu a kudu da dalolin Giza, kusa da garin da suka zauna mai gidajen gasa burodi da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da suka ci. Ƙasusuwansu tsawon mutane ne na yau da kullum, sai dai gadon bayansu da gwiwoyinsu sun cinye sabida ɗaukar nauyi, da yawa basu wuce shekara 30 zuwa 35 ba. Akwai masu karaya da aka ɗora ta haɗe daidai, akwai wanda aka yanke wa gaɓa ya warke ya ci gaba da rayuwa, wato akwai masu kula dasu. Ƙungiyoyinsu ma suna da suna, sun rubuta da jan fenti a jikin duwatsun da ke ɓoye a saman ɗakin sarki, wata ƙungiyar sunanta abokan Khufu.

Amma kar wani ya ɗauka aikin daɗi ne. A Wadi Hammamat, wani kwari a hamada tsakanin Nilu da Bahar Maliya inda ake samo wani dutse mai duhu na yin gumaka da akwatunan gawa, Ramses na 4 ya tura ayari a shekara ta 3 ta mulkinsa, wajen 1150 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙarƙashin babban limamin Amun mai suna Ramsesnakht, kuma sun sassaƙa lissafin a jikin dutsen wurin. Mutum sama da 8,300 ne, 5,000 daga ciki sojoji, ga kekunan shanu na kawo abinci daga bakin kogi. Masu fasa dutse da sassaƙa a cikin wannan taron duka 130 ne, sauran na ja ne da ɗauko ruwa da tsaro da rubutu. A ƙasan lissafin magatakardan ya ƙara cewa mutum 900 sun mutu, kuma ba'a sa su a cikin jimillar ba.